Hoton MRI na dukkan jiki ga mai lafiya: tambayoyi da amsoshi

Masu zuwa duba lafiya a Masar, Indiya, Dubai ko Turkiyya sukan ci karo da wani tayi: a kwanta cikin na'urar MRI awa guda, a ɗauki hoton jiki daga kai har ƙafa, a gano duk cutar da ke ɓoye tun ba ta yi ƙarfi ba. Tayin yana da daɗin ji, musamman ga wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwan da aka gano masa cutar kansa, wato ciwon daji, a makare. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mene ne wannan hoton, kuma da me ya bambanta da MRI ɗin da aka saba?

Na'urar dai ɗaya ce. Tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, galibi tesla 1.5 ko 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kuma na tesla 1.5 ɗin ma ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Mafi yawan jikin mutum ruwa ne, ruwa kuma yana ɗauke da sinadarin hayidirojin. Maganaɗisun yakan jera ƙwayoyin wannan sinadari, a aika musu igiyar rediyo ta girgiza su, sannan kwamfuta ta karɓi amsar da suka mayar ta haɗa hoto. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun samu kyautar Nobel a 2003 a kan wannan fasaha.

Bambancin yana wajen dalili. A al'ada likita yakan tura mutum hoton kai, ko baya, ko gwiwa, saboda akwai ciwo a wurin kuma akwai abin da yake zargi. A nan kuwa babu ciwo babu zargi, lalube ake yi. Sannan hoton ƙwaƙwalwa kaɗai kan ci minti 20 zuwa 30, to in za a gama jiki duka cikin minti 45 zuwa awa ɗaya, dole kowane sashe ya samu ɗan rabo kaɗan. Saboda haka hoton hanta ko na mama da ake samu a ciki bai kai wanda aka ɗauka musamman don hanta ko mama kyau ba.

Daga ina yayin ya taso?

Daga Amurka da Kanada ya yi ƙarfi, ta hannun kamfanoni irin su Prenuvo da Ezra. A watan Agustan 2023 Kim Kardashian ta saka hotonta a Instagram tsaye kusa da na'urar Prenuvo, ta kira ta na'urar ceton rai. A shekarar ce kuma Maria Menounos, mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Amurka, ta bayyana cewa irin wannan hoton ne ya gano mata ƙari a fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, aka yi mata tiyata. Daga nan sai layi ya yi tsawo. A 2023 cikakken hoton Prenuvo ya kai kusan dala 2,500, kuma inshorar lafiya ba ta biya wa mai lafiya, daga aljihunsa zai fitar.

Yana da illa ga jiki kamar hoton CT?

Ta fuskar tururin da ke iya lalata ƙwayoyin jiki, a'a. CT da eksire suna da shi, MRI ba shi da shi, kuma wannan gaskiya ce masu tallar suke faɗa. Yawanci ma ba a yin allurar ruwan nan mai fito da hoto a irin wannan binciken.

Haɗarinsa maganaɗisun ne, wanda kullum a kunne yake ko ba a ɗaukar kowa. A 2001 wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu a jihar New York bayan na'urar ta fizgo tukunyar iskar oksijin ta buge shi a kai. A watan Yulin 2025 wani mutum ɗan shekara 61 ya rasu a jihar bayan ya shiga ɗakin da wata sarƙa mai nauyi a wuya. Don haka tambayoyin da ma'aikaci ke yi kafin a shiga ba na ɓata lokaci ba ne. Mai na'urar bugun zuciya, wanda aka sa wa ƙarfe a tiyata, mai ɓarɓashin harsashi a jiki, da mai walda ko maƙeri da ƙarfe ya taɓa faɗa masa ido, kowa ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Mata su cire fil ɗin hijabi, 'yan kunne, awarwaro da duk wani ƙarfen ado, a kuma goge kwalli domin yana iya ɓata hoton. Mai ɗauke da laya ko guru ya cire, don bai san abin da aka ɗinke a ciki ba. Mai ciki kuwa ba ta da dalilin shiga don binciken da ba likita ne ya nema ba.

Na'urar tana da ƙara sosai, takan wuce desibel 100, shi ya sa ake toshe kunne. Wasu kuma ba sa iya jure kwanciya a matsattsen rami.

In an ɗauki masu lafiya, me ake gani?

Kusan kowa ana ganin wani abu a jikinsa. A 2020 wasu likitoci a Italiya sun tattara bincike 12 da aka yi a kan hotuna sama da 6,000 na mutanen da ba su da wata alamar ciwo. Kashi 95 cikin 100 an ga wani abin da ya saɓa wa yadda aka saba. Kusan kashi 30 an ce sai an ƙara bincike. An zargi kansa a kashi 1.8, an tabbatar da ita a kashi 1.1.

A mayar da shi kan mutum 1,000. Kimanin 950 za su koma gida da takarda mai ɗauke da wani rubutu. Wajen 300 za a tura su wani hoton, ko gwajin jini, ko a ce su dawo bayan wata 6. Waɗanda za a samu da kansa ba za su wuce 11 ko kusa da haka ba. Sauran ɗaruruwan sun kashe kuɗi, sun kwana da fargaba, wasu an soka musu allura an tsakuro nama, kuma ba su da kansa.

Abubuwan da ake gani ɗin galibi alamun shekaru ne. Jakar ruwa a ƙoda ko hanta, curin jijiyoyin jini a hanta, ɗan ƙulli a tayirod da ke gaban wuya, ƙarin mahaifa wanda wani bincike a Amurka ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙaƙen fata suna da shi kafin su kai shekara 50. Ƙashin baya ma haka. Wani nazari na 2015 a kan mutanen da bayansu ba ya ciwo ko kaɗan ya samu alamar lalacewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Magini in ya zagaya tsohon gidan ƙasa ba zai rasa tsaga a bango ba, amma ba kowace tsaga ke kayar da gini ba, kuma wanda ya ce sai ya fasa kowacce ya ga zurfinta shi zai rushe gidan.

Ba an ce rigakafi ya fi magani ba? Ai gara a sani.

Maganar gaskiya ce, amma hoto ba rigakafi ba ne. Bai hana wata cuta zuwa. Amfaninsa ɗaya ne, in ya gano cutar da za ta yi kisa a lokacin da magani zai iya sauya ƙarshenta. Tun 1968 wasu likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan binciken masu lafiya, kuma ginshiƙinsu shi ne a san yadda cutar ke tafiya, a kuma samu maganin da aka yarda da shi ga waɗanda aka gano.

Abin da ke wahalar karɓa shi ne ba duk kansa ce ke kisa ba. Wata tana gudu, wata tana rarrafe, wata tana zaune wuri ɗaya har mai ita ya tsufa wani abu dabam ya yi ajalinsa. Mai gudun takan ɓullo tsakanin hoton bana da na baɗi. Mai zaman kuwa kullum tana nan tana jiran a ɗauke ta a hoto. Ke nan lalube ya fi kama marasa illar. Da zarar an kira abu kansa kuma, da wuya likita ko majiyyaci ya yarda a bar shi.

Koriya ta Kudu ta ɗanɗana wannan. Daga 1999 gwamnati ta fara shirin binciken wasu nau'o'in kansa a ƙasa baki ɗaya, asibitoci kuma suka riƙa ƙara wa mutane sikanin ɗin wuya a kan kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 yawan waɗanda ake cewa suna da kansar tayirod ya ninka na 1993 sau 15. Adadin masu mutuwa da cutar bai motsa ba. Dubban mutane aka yanke wa tayirod, suka koma shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa, wasu murya ta lalace, saboda ƙarin da ba zai taɓa damunsu ba. Kowannensu kuma ya bar asibiti yana godiya cewa an ceto shi. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a lamarin: wanda aka cutar ta wannan hanya ba ya taɓa sanin an cutar da shi, shi ne ma zai ja 'yan'uwansa su je.

Akwai kuma ganin da ba ya da mafita. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna da ɗan kumburi a wata jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa. Mafi yawan ƙananan ba sa fashewa har abada. Aikin toshe su yana da nasa haɗarin, har da shanyewar ɓarin jiki. Mutum ya shiga na'ura lafiya lau, ya fito da labarin da zai riƙa tunawa duk sanda kansa ya sara, kuma shawarar likita ita ce a zuba ido.

Amma ga waɗanda hoton ya ceta, me za a ce da su?

Suna nan, kuma babu mai ƙaryata su. Kansar ƙoda ko ta fankiriyas da aka kama tana ƙarama na iya zama sanadin tsawon rai. Tambayar da ta rage ita ce, in an haɗa waɗanda suka amfana da waɗanda suka cutu, wane ɓangare ya rinjaya?

Labarin mutum ɗaya ba ya amsa wannan. Ko lissafin shekarun da aka rayu bayan ganowa ma yana ruɗi. A ce mutum biyu masu cuta iri ɗaya duk sun rasu suna da shekara 70. An gano ta ɗaya yana 67 da ciwo ya tsananta, ta ɗayan kuma yana 60 ta hanyar hoto. A takarda na biyun ya rayu shekara 10 da cutar, na farkon 3. A zahiri ba a ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Hanyar da ake tabbatarwa ita ce a raba dubban mutane gida biyu ta ƙuri'a, a bincika rabi, a bar rabi, a jira shekaru, a ƙirga mamata. Haka aka yi wa hoton CT na huhu a Amurka da mashaya taba sama da 53,000, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna mutuwa daga kansar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100, sai aka amince da shi ga wannan rukunin. Hoton MRI na dukkan jiki bai ci irin wannan jarrabawar ba. Shi ya sa a watan Afrilun 2023 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, ta fitar da sanarwa cewa babu isasshiyar hujjar ba da shawarar yin sa ga wanda ba shi da alamar ciwo, ko wani haɗari na musamman, ko tarihin cuta a dangi. A lura, waɗannan su ne mutanen da abincinsu ke fitowa daga ɗaukar hoto.

In hoton ya fito fes, lafiyata ƙalau ke nan?

A'a, kuma wannan zaton yana iya yin kisa. Hoton ba ya auna hawan jini, ba ya ganin ciwon suga, ba ya nuna ƙwayar cutar hanta ko HIV, ba ya faɗin yadda ƙoda ke aiki. Huhu iska ce ta cika shi, MRI kuma ruwa yake bi, don haka ƙananan ƙulle-ƙullen huhu kan kuɓuce masa. Tsiron da ke cikin babban hanji kafin ya zama kansa, da sauyin farko a bakin mahaifa, da ƙananan alamun farkon kansar mama, duk ba aikinsa ba ne. Toshewar jijiyoyin zuciya ma ba a tantance ta da irin wannan hoton.

Matar da ta ji ƙulli a mamanta ta ce ai bara aka yi min hoton jiki duka ba a ga komai ba, ta shiga haɗari. Duk alamar da ta bayyana, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko tari mai daɗewa, a kai ta wurin likita ko da jiya aka fito daga na'urar.

To wa ya dace a yi wa?

Akwai su, kuma a wurinsu babbar ni'ima ce. Misali mafi ƙarfi shi ne masu cutar gado ta Li-Fraumeni, waɗanda suka gaji matsala a ƙwayar halitta mai suna TP53. Mafi yawansu sukan kamu da kansa, sau da yawa tun suna yara, kuma tana iya fitowa ko'ina a jiki. Tururin CT yana ƙara musu haɗari, saboda haka MRI duk shekara shi ne daidai da su. A wani nazari na 2017 an samu kansa a kusan kashi 7 cikin 100 nasu tun a hoton farko. Likitocin Toronto da suka bi irin waɗannan iyalai sun ba da rahoto a 2016 cewa kusan kashi 89 cikin 100 na waɗanda ake sa wa ido suna raye bayan shekara 5, a kan kusan kashi 60 na waɗanda ba a sa wa ba.

Ana kuma amfani da shi wajen masu kansar ɓargo da ake kira mayeloma, da wajen duba ko wata kansar da aka riga aka sani ta bazu zuwa ƙashi. Na'urar ɗaya ce, abin da ya sauya shi ne wanda ke kwance a ciki. In yiwuwar cuta tana da yawa, abin da aka gani ya fi kusa da zama na gaske.

Kansa ce ta kashe mahaifina. Ina cikinsu?

Ba lallai ba. Mutum ɗaya a dangi da ya kamu bayan ya manyanta ba ya nuna gado. Abin da ke jan hankalin likita shi ne mutane da yawa a ɓangare ɗaya na dangi, ko kamuwa da ƙuruciya, ko mutum ɗaya da kansa iri biyu. Ka bincika wace iri ce ta mahaifin naka, yana da shekara nawa. In ta hanji ce, kyamarar duba hanji kake buƙata, kuma da wuri. In ta hanta ce, gidan duka a yi gwajin ciwon hanta nau'in B.

Ina da kuɗin kuma ina son in kula da kaina. Me zan yi da su?

Fara da abin da ke kashe mutane a inda kake zaune. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awonsa minti 2 ne a kowane kemis, kuma shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki da mutuwar ƙoda. Sai awon suga, da gwajin aikin ƙoda.

Sai ciwon hanta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B. Wanda ba shi da shi akwai allurar rigakafi. Wanda ke da shi akwai maganin da ke danne ƙwayar, kuma likita kan sa masu haɗari su riƙa yin sikanin ɗin hanta duk wata 6. Wannan ya fi MRI na jiki duka amfani wajen tare kansar hanta, a kan kuɗin da bai kai kusa da nasa ba.

Ga mata, gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, kyauta a watan Oktoban 2023, wannan kuwa rigakafi ne na haƙiƙa, domin hana kansar yake yi tun daga tushe. Hoton mama, a tsarin Amurka, duk shekara 2 ne daga 40 zuwa 74. Binciken babban hanji daga 45. Wanda ya daɗe yana shan taba sosai kuma ya kai 50 ya tambayi likita game da hoton CT na huhu, ya kuma daina shan tabar, wanda ya fi kowane hoto.

Kuɗin hoton Prenuvo guda ɗaya zai yi wa gida guda yawancin waɗannan.

Ana iya yi a gida Najeriya?

Na'urorin ba su da yawa. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta samu 84 kacal a Afirka ta Yamma gaba ɗaya, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu raunin maganaɗisu ne, alhali Japan tana da sama da 50 ga kowane mutum miliyan ɗaya. Irin wannan hoton yana buƙatar na'ura mai aƙalla tesla 1.5 da likitan hoto da ya saba karanta shi. A wurin da mai ƙari a ƙwaƙwalwa ko wanda laka ta matse ke tafiyar ɗaruruwan kilomita don samun layi, a ganina awa ɗayan nan ta fi cancanta da shi.

Matsalar masu yi a waje kuma ita ce dawowa. An ba ka rahoto a Dubai ko Alƙahira an ce a sake dubawa bayan wata 6. Wa zai bi maka? Da wace na'ura za a kwatanta?

Na ji duka, amma zan yi. Me zan tambaya kafin in biya?

Haƙƙinka ne, kuma mai hankali zai iya zaɓar haka bayan ya san abin da ke ciki. Tambayi ƙarfin na'urar, da ko ƙwararren likitan hoto ne zai karanta, da sassan da hoton bai rufe ba. Tambayi mutum nawa cikin 100 suke turawa ƙarin bincike, kuma nawa daga ciki ake samu da cuta ta gaske. Wurin da ya kasa amsa wannan bai bi diddigin aikinsa ba. Ka tanadi kuɗin abin da zai biyo baya, don sau da yawa ya fi na hoton. Ka karɓi hotunan kansu a faifai ko filasha, kada ka tsaya ga rubutaccen rahoto. Kuma tun kafin ka kwanta, ka samu likita a gida wanda zai zauna da kai a kan sakamakon.

An riga an yi min, an ce an ga wani abu. Yanzu fa?

Kada ka yanke hukunci daga karanta rahoton kai kaɗai ko neman kalmominsa a intanet. Mafi yawan abin da ake gani ba mai cutarwa ba ne, kuma kwanaki kaɗan da za ka ɗauka kana neman shawara ba za su sauya komai ba. Kai wa likitan da ba shi da alaƙa da wurin da aka ɗauki hoton. Ka tambaye shi abu uku: mene ne ya fi zargi, me zai faru in an jira wata 3 ko 6 aka sake dubawa, kuma mene ne haɗarin gwajin da ake son yi na gaba. In kana da wani tsohon hoto, ko sikanin ne na shekarun baya, tafi da shi, domin ƙullin da bai ƙara girma ba cikin shekaru da wuya ya zama mugu. In aka ambaci tiyata, nemi ra'ayin likita na biyu kafin ka sa hannu, kuma a tabbatar da abin ta hoton da aka ɗauka musamman don wannan sashen.